Himanjiyomar Ƙashin Baya da Yadda Hoton Asibiti Ke Tantance Ta

A cikin dukkan nau'o'in ƙari da kan tsiro a ƙashin baya ba tare da sun kasance na ciwon daji ba, babu wanda ya kai himanjiyoma yawa, wato curin ƙananan jijiyoyin jini masu siririn bango da ke taruwa a cikin ɓargon gaɓa ɗaya ko fiye daga gaɓoɓin ƙashin baya. Likitan Jamus Rudolf Virchow ne ya fara bayyana ta a rubuce a 1867, amma ba a fahimci iyakar yawanta ba sai a shekarun 1920 da farkon 1930, lokacin da Georg Schmorl da almajiransa a birnin Dresden suka duƙufa wajen tsaga ƙasusuwan bayan dubban gawawwaki, suka tarar da ita a jikin kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na mutanen da suka bincika, alhali kusan dukkansu wani abu ne daban ya yi ajalinsu. Abin da wannan adadi ke nunawa shi ne, duk inda manya goma suka taru ana kyautata zaton ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da ita bai sani ba, kuma mai yiwuwa har ya koma ga Mahaliccinsa ba zai sani ba, domin waɗanda take kaiwa ga sa musu ciwo ko nakasa ba su wuce kimanin ɗaya cikin ɗari na masu ita ba. Da yake injunan ɗaukar hoto na yau suna tono ta ko da ba ita ake nema ba, aikin da ya rage wa likita shi ne ya raba mai yawan nan da ba ta da illa da 'yar kaɗan ɗin da ke iya danne laka, sannan ya raba su duka biyun da cututtuka masu haɗari da kan yi kama da su a hoto.

Ba a fahimtar abin da hoto ke nunawa sai an san yadda wurin yake a halitta. Ƙashin bayan ɗan Adam jerin gaɓoɓi 33 ne: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sai 5 da suka manne da juna a tsakanin kwatangwalo da kuma 4 ƙanana a can ƙarshe. Likitoci kan yi wa na ƙirji lamba daga T1 zuwa T12, na ƙugu kuwa daga L1 zuwa L5, suna ƙirgawa daga sama zuwa ƙasa. Kowace gaɓa tana da jiki mai kauri a gaba wanda ke ɗaukar nauyi, da zobe a baya wanda idan ya jeru da na maƙwabtansa suke yin kwararon da laka ke bi, wato igiyar nan da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki, sannan akwai faifan guringuntsi a tsakanin kowace gaɓa da mai bi mata. Jikin gaɓa ɓawo ne mai tauri daga waje, cikinsa kuwa saƙa ce ta ƙananan ginshiƙan ƙashi, wasu a tsaye wasu a gicciye, kuma a cikin ramukan wannan saƙa ne ɓargo yake zaune.

Idan himanjiyoma ta samu wuri a cikin ɓargo, jijiyoyinta kan faɗaɗa sannu a hankali cikin shekaru, su cinye ginshiƙan da ke gicciye da wasu daga cikin na tsaye, su bar 'yan kaɗan da nauyin jiki duka zai koma kansu. Su kuwa waɗannan da suka rage sai su yi kauri fiye da ƙima, kamar rumfar da aka zare mata rabin dirkokinta aka musanya ragowar da manyan itatuwa domin kada ta rufta. A tsakanin waɗannan ginshiƙai masu kauri abubuwa biyu ne ke cike gurbi, kitse da jijiyoyin da jini ke tafiya a cikinsu a hankali, tare da ɗan ruwan da ke tsatsafowa kewaye da su. Duk ilimin tantance wannan ƙari ta hoto yana rataye ne a kan waɗannan abubuwa uku, kuma musamman a kan rinjayen ɗayan biyun na ƙarshe, domin an lura cewa wadda kitse ya yi wa yawa kwantacciya ce, wadda jijiyoyi suka rinjaya kuwa ita ce ake sa wa ido. An fi samun ta a gaɓoɓin ƙirji, sannan na ƙugu, ba kasafai take zuwa wuya ba. Ta ɗan fi yawa a mata, an fi gano ta bayan shekara 40, kuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ita akan same ta a gaɓa fiye da ɗaya. Masana da yawa, musamman tun bayan rabe-raben da John Mulliken da Julie Glowacki suka fitar a 1982, suna ganin mafi yawan waɗannan curin tawayar halittar jijiya ce kawai, tunda ƙwayoyinsu ba sa hayayyafa irin ta ƙari na gaskiya, sai dai tsohon sunan ya riga ya zauna a bakin likitoci da takardun sakamako.

Hoton eksire, wanda ya samo asali daga hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a Würzburg a 1895, shi ne hanya ta farko da aka bi aka ga himanjiyoma a jikin rayayye, kuma a 1926 wani likita mai suna Perman ya bayyana kamanninta a irin wannan hoto. Ƙashi yana tare hasken eksire fiye da kitse da jini, saboda haka ginshiƙan nan masu kauri kan fito a matsayin fararen layuka a tsaye, da duhu-duhu a tsakaninsu, abin da likitocin hoto ke kira alamar sandunan kurkuku. Wani lokaci kuma, idan ginshiƙan sun karkace, sai su yi kamar saƙar zuma. Gaɓar kan riƙe tsawonta da siffarta, faifan guringuntsin sama da na ƙasa kuma ba abin da ke taɓa su. Raunin eksire shi ne yana tattara duk abin da hasken ya ratsa, haƙarƙari da huhu da hanji da iskar da ke cikinsa, ya shimfiɗa su a fuska ɗaya, don haka sai ƙarin ya mamaye aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jikin gaɓar kafin a iya hango shi, sannan ba ya nuna laka ko kaɗan. Akwai kuma ruɗanin da zaizayewar ƙashi ta tsufa ke kawowa, domin ita ma tana fara cin ginshiƙan gicciye ta bar na tsaye, amma ita gaɓoɓi da yawa take shafa a lokaci guda kuma layukanta sirara ne, ba masu kauri ba.

Siti-sikan ya kawar da matsalar tarin inuwa, domin bututun eksire ne ke kewaya majiyyaci yayin da kwamfuta ke haɗa abin da aka auna ta fitar da jiki yanka-yanka. Godfrey Hounsfield ne ya ƙera injin farko, aka gwada shi a kan majiyyaci a Landan a 1971, kuma shi da Allan Cormack suka sami lambar Nobel a 1979. A yankan da ya gitta gaɓa, ginshiƙan da eksire ya nuna a matsayin layuka ana kallon su ne daga kai, sai su zama fararen ɗige-ɗige warwatse a kan fili mai duhu, idan kuma aka juya yankan aka bi tsawon baya sai layukan su dawo. Wannan alamar ɗige-ɗige ita ce mafi ƙarfin shaida da ake da ita, kuma gogaggen likitan hoto idan ya gan ta sarai a cikin gaɓa mai lafiyayyen ɓawo, ba ya bukatar wani gwaji kafin ya rubuta sakamako. Injin yana kuma auna nauyin kowane ɗigo da ma'aunin da ke ɗauke da sunan Hounsfield, inda ruwa yake sifili, iska take 1000 ƙasa da sifili, kitse kuwa yake wajen 100 ƙasa da sifili, ta yadda za a iya tabbatar da cewa duhun da ke tsakanin ɗige-ɗigen kitse ne ko kuwa tsoka mai jini. Babu abin da ya kai shi nuna ko ɓawon ƙashi ya kumbura, ya huje, ko ya tsage, amma yana jefa wa jiki haske mai yawa fiye da eksire na yau da kullum, kuma laka ba ta fitowa sosai a cikinsa.

Mafi yawan himanjiyomar da ake ganowa a yau hoton maganaɗisu ne ke tono ta, wanda a asibiti aka fi sani da MRI, kuma galibi an aiko majiyyacin ne domin ciwon ƙugu ko zargin gocewar faifan guringuntsi. Wannan inji, wanda aikin Paul Lauterbur da Peter Mansfield na shekarun 1970 ya share wa hanya har suka sami lambar Nobel a 2003, ba ya amfani da hasken eksire. Maganaɗisu mai ƙarfi ne ke jera ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwa da kitsen jiki, sai a zuga su da igiyar rediyo, a saurari amon da suke mayarwa yayin da suke komawa mazauninsu. Da yake haidurojin ɗin kitse da na ruwa ba sa komawa da sauri ɗaya, ana iya saita injin ya fifita ɗaya a kan ɗaya. A saitin da ake kira T1, wanda bai da alaƙa da lambar gaɓar ƙirji ta farko sai kamar suna, kitse fari ne ruwa kuma baƙi. A saitin T2 kuwa ruwa ne ke yin fari tas, kitse ma yana da ɗan haske. Himanjiyoma ta gama-gari, tunda ta haɗa kitse da jini mai tafiyar hawainiya, fara ce a duka biyun, zagayayya, mai iyaka bayyananniya, kuma idan aka ƙura ido akan ga baƙaƙen ɗige-ɗige a cikinta, waɗanda su ne ginshiƙan nan, domin ƙashi mai tauri ba ya mayar da amo.

Fari a T1 labari ne mai daɗi, saboda kusan duk ciwon dajin da ya shiga ɓargo korar kitse yake yi ya maye gurbinsa da ƙwayoyinsa, ya bar wurin baƙi. Togaciyar da aka sani ita ce dajin fata mai baƙin launi da kuma ƙarin da ya yi zubar jini a cikinsa, waɗanda kan yi haske a T1. Abubuwan da suka fi yin kama da himanjiyoma mai kitse su ma marasa illa ne. Akwai tsibirin kitse zalla da kan taru a ɓargo yayin da shekaru ke ja, kuma ana raba su ne ta saiti na uku mai suna STIR wanda ke kashe hasken kitse baki ɗaya: tsibirin kitse sai ya ɓace ɗungum, himanjiyoma kuwa sau da yawa takan bar ɗan haske saboda jinin da ke cikinta. Akwai kuma kitsen da kan jeru a gefen faifan guringuntsin da ya tsufa, wanda Michael Modic ya bayyana a 1988, amma shi shimfiɗe yake a bakin gaɓoɓi biyu masu fuskantar juna, ba curi a tsakiya ba. Kuskure tsakanin waɗannan ukun ba ya cutar da kowa, don haka ba ya cancanci a sake ɗora wa majiyyaci kuɗin wani hoton.

Inda aikin yake zama mai wuya shi ne wurin himanjiyomar da kitse ya yi mata ƙaranci. Irin wannan baƙa ce ko toka-toka a T1, fara ƙal a T2 da STIR, kuma idan aka yi wa majiyyaci allurar gadoliniyam, sinadarin da ke bin jini ya haskaka duk inda jini ya yi yawa, sai ta ɗauke shi sosai. Wannan kuwa shi ne ainihin kamannin ciwon dajin da ya yi ƙaura zuwa ƙashi daga mama, ko huhu, ko ƙoda, ko ƙululun maƙogwaro, ko furostet, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ga macen da ake yi wa jinyar dajin mama, amsar wannan tambaya ita ce ke raba cutar da ke wuri ɗaya, wadda ake fatan warkewarta, da wadda ta riga ta bazu, kuma tsarin magani gaba ɗaya yana sauyawa a kanta. Abin da ya fi dacewa a nan, ko da yake akan manta da shi saboda ɗaukar da ake yi cewa sabon inji ya fi tsoho a komai, shi ne a koma ga siti-sikan mai siraran yanka a kan gaɓar kaɗai, domin ciwon daji rushe ginshiƙai yake yi ko ya toshe tsakaninsu da farin ƙashi marar tsari, ba ya barin su a jere da kauri. Tsofaffin hotunan majiyyaci ma suna da daraja ƙwarai, tunda tabon da ya shekara biyu ko uku bai motsa ba da wuya ya zama na daji. Wannan ya sa adana fim da faifan hoto a gida, da zuwa da su duk ranar ganin likita, ba ƙaramin amfani yake yi ba.

Idan shakka ta ci gaba, hoton maganaɗisu yana da wasu dabaru. Ɗaya ita ce wadda Thomas Dixon ya ƙirƙiro a 1984, wadda ke ɗaukar hoto biyu, ɗaya a lokacin da amon ruwa da na kitse suke haɗuwa, ɗaya kuma a lokacin da suke soke juna. Duk wurin da ke da gaurayen su biyun zai dusashe a hoto na biyu, kuma dusashewar da ta haura kashi 20 cikin 100 ana ɗaukar ta alamar cewa akwai sauran kitsen da ido bai gani ba, wato ba a kori ɓargo gaba ɗaya ba. Wata dabarar kuma tana auna yadda ruwa ke yawo a cikin tsoka, bisa hujjar cewa ƙwayoyin daji a cunkushe suke suna tauye shi, a himanjiyoma kuwa yana da sarari. Babu ɗaya daga cikin biyun da ke yanke hukunci ita kaɗai, domin himanjiyomar da ba ta da kitse ko kaɗan ba za ta dusashe ba. Hotunan da ake yi da allurar sinadari mai fitar da haske, irin su hoton ƙashi na teknishiyam da hoton PET na sukari, galibi ba sa nuna wani zafi a wurinta, amma an sha ganin ta kama sababbin sinadaran da ake neman dajin furostet da su, har a ɗauke ta a matsayin yaɗuwar cuta. Idan duk wannan bai wadatar ba, zaɓi biyu ne: a sake hoto bayan 'yan watanni a ga ko ta canza, ko a soka allura bisa jagorancin siti-sikan a ɗebo ɗan yanki a duba a madubin likita, tare da sanin cewa wuri ne mai jini kuma wani lokaci jini kaɗai allurar ke fitowa da shi.

Nau'i na uku, bayan na gama-gari da mai ƙarancin kitse, wanda likitoci ke kira mai zafin hali, shi ne wanda ya ƙi tsayawa a cikin ɓawon ƙashi. Ba ya rikiɗa ya zama ciwon daji, ba ya kuma yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, amma yana iya danne laka ta hanyoyi da dama: ko ya kumbura ƙashin har kwararon ya tsuke, ko tsokarsa ta ɓullo cikin kwararon, ko gaɓar ta raunana ta rufta, ko kuma, a nadiran, ya yi zubar jini a wurin. Majiyyaci kan fara da ciwon baya a wuri ɗaya, sannan ƙafafu su yi nauyi su rage jin taɓi, tafiya ta gagara sannu a hankali, daga bisani riƙe fitsari da bayan gida ya kuɓuce. A 1986 Jean-Denis Laredo da abokan aikinsa a Faris suka fitar da alamomi shida da ke raba wannan nau'i da kwantacce, wato kasancewarsa tsakanin T3 da T9, da mamaye jikin gaɓa gaba ɗaya, da tsallakawa zuwa zoben baya, da kumburin ɓawo mai dusasshiyar iyaka, da saƙar zuma marar tsari a maimakon layuka madaidaita, da kuma tsoka a wajen ƙashi; haɗuwar uku daga ciki a jikin mai ciwo ta isa a ɗauki lamarin da muhimmanci. Dalilin da ya sa tsakiyar ƙirji ta fi haɗari shi ne kwararon laka a nan ya fi tsukewa, jinin da ke ciyar da ita kuma ya fi ƙaranci, saboda haka ɗan matsi kaɗan ya isa ya yi ɓarna. A 1990 ayarin nan ya ƙara da cewa ƙarancin kitse a cikin ƙarin yana tafiya tare da zafin halinsa, wanda ke nufin cewa nau'in da ya fi haɗari shi ne kuma ya fi wuyar ganewa a hoton maganaɗisu.

Juna biyu na daga cikin abubuwan da kan tayar da himanjiyomar da ta daɗe a kwance, musamman a watanni ukun ƙarshe. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kimanin kashi 40 cikin 100, mahaifa kuma tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jinin ƙafafu zuwa zuciya, sai jinin ya nemi hanya ta cikin saƙar jijiyoyin da ke kewaye da ƙashin baya, waɗanda Oscar Batson ya bayyana a 1940 kuma ba su da marufin da ke hana jini komawa baya. Hatsarin shi ne, ciwon baya da nauyin ƙafa abubuwa ne da kowa ke ɗauka a matsayin laulayin tsohon ciki, don haka akan makara. Amma raunin ƙafa mai ƙaruwa kullum, ko mutuwar fata daga wani layi na ciki zuwa ƙasa, ba na ciki ba ne, kuma yana bukatar hoton maganaɗisu cikin gaggawa, wanda ake iya yi wa mai ciki ba tare da gadoliniyam ba.

Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka kan sa ciwon daji a kan gaba cikin abubuwan da ake rikita su da himanjiyoma mai zafin hali, tare da dajin ɓargo da cutar Paget, wadda ke kumbura gaɓa ta kaurara ɓawonta amma ba kasafai ake ganin ta a Afirka ba. Likitan da ke aiki a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa dole ya fara da tibin ƙashin baya, wato tarin fukan da ya kama ƙashi, wanda Percivall Pott ya bayyana a 1779, tunda Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa katutu a duniya, kuma shi ma gaɓoɓin ƙirji da na saman ƙugu ya fi so, yana kuma shanye ƙafafu. Hoto yana raba su: tibi kan fara daga gaban jikin gaɓa, ya lallaɓa zuwa maƙwabciyarta, ya tsuke faifan da ke tsakani, ya tara mugunya a gefen ƙashin baya wadda bakinta kaɗai ke kama gadoliniyam, ya kuma rushe ƙashi har baya ya yi ƙusumbi, alhali himanjiyoma ba ta tsallake faifai, tsokarta gaba ɗaya take haskawa, ginshiƙanta kuma suna nan. Cutar sikila ma, wadda babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu ita, tana sauya fuskar hoton, domin ɓargon mai sikila yana aiki ba hutu, ba ya komawa kitse kamar na sauran manya, saboda haka bayan gaba ɗaya duhu yake yi a T1, ginshiƙai su yi kauri a kowace gaɓa, tsakiyar gaɓoɓin kuma ta lotsa sama da ƙasa har su yi siffar harafin H. Yawan gaɓoɓin da abin ya shafa da tarihin majiyyaci su ne ke hana kuskure.

Samun injunan kansu wani lamari ne, domin a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar hoton maganaɗisu sai a manyan birane, da tsada, kuma wasu daga cikin injunan ƙarfinsu bai kai tesla 1.5 da aka saba aiki da shi a manyan cibiyoyi ba. Wannan ba ya hana aikin yau da kullum, tunda T1 da T2 da STIR duka suna fitowa a ƙaramin inji, siti-sikan kuma, wanda ya fi samuwa, shi ne ma ke riƙe da shaida mafi ƙarfi. Ɓarnar da ta fi faruwa ta wata fuskar ce. Ciwon ƙugu ya game duniya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi da miliyan 619 a 2020, kuma tunda ɗaya cikin goma na manya yana da himanjiyoma, tilas ne a riƙa samun su tare a jikin mutum ɗaya ba tare da ɗaya ya haifar da ɗaya ba. Majiyyacin da ya karanta kalmar ƙari a takardar sakamako yakan shiga tashin hankali, ya sayar da kadara yana bin asibitoci, alhali abin da ke damunsa faifai ne ko tsokar baya. Ba a jingina ciwo ga himanjiyoma sai in yana daidai kan gaɓar da take, yana ƙaruwa idan aka ƙwanƙwasa wurin, hoton ya nuna alamun zafin hali ko ƙarancin kitse, kuma an rasa wani dalilin. Wadda ta cika siffar gama-gari a jikin wanda ba ta dame shi ba kuwa ba ta bukatar magani, ba ta bukatar a riƙa sake mata hoto, kuma kyakkyawan sakamako shi ne wanda ya faɗi haka ƙarara.

Akwai wasu curin jini marasa daji a wannan yanki da bai kamata a cakuɗa su da ita ba. Ɗaya kumburin ƙashi ne mai ɗakuna cike da jini, wanda ya fi kama 'yan ƙasa da shekara 20, ya fi son zoben baya, kuma ana gane shi da layukan da ke raba jinin da ya kwanta da ruwan da ya taso a kowane ɗaki. Wani kuma a cikin lakar kanta yake zama, kewaye da baƙin zobe a T2, wanda ragowar ƙarfen tsohon jini ne da ya tsiyaya.

Idan an yanke shawarar yin magani, hoto ne ke ja gaba. Kafin fiɗa akan zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin, a zuba rini a ɗauki hotonsu, sannan a toshe su domin rage zubar jini, wanda a irin wannan aiki kan yi yawa ƙwarai. Amma kafin a toshe komai sai an gano inda jijiyar Adamkiewicz ta fito, wato babbar mai shayar da ƙasan laka, wadda galibi ke tasowa daga hagu tsakanin T9 da T12, domin toshe ta bisa kuskure yana shanye ƙafafu. Dabarar cusa simintin ƙashi ta allura, wadda a yau aka fi yi wa tsofaffin da gaɓarsu ta rufta, saboda himanjiyoma aka fara ta, lokacin da Pierre Galibert da Hervé Deramond suka yi wa wata mata ita a gaɓar wuya ta biyu a Amiens ta Faransa a 1984, suka wallafa sakamakon a 1987; ana yin ta ne ido na kan allon eksire ko siti-sikan, domin a tsayar da hannu da zarar simintin ya nufi kwararon laka. Bayan magani sai an karanta hoto da lura, saboda siminti fari ne tas a siti-sikan amma baƙi a kowane saiti na hoton maganaɗisu, gaɓar da aka yi wa magani ta hanyar gasawa da haske kuma sau da yawa takan riƙe ɗige-ɗigenta da layukanta shekaru bayan ciwon ya tafi, don haka abin da ake dubawa shi ne ko tsokar da ke cikin kwararo ta janye, ko laka ta samu sarari, da kuma ko ƙarfin ƙafafun majiyyaci yana dawowa.